Bugu

Shekara arba'in ina dukan zani
a rumfar babana, bayan Ƙofar Kuyambana.
Gungume a ƙasa, mabugi a sama,
har shuɗi ya ɗau ƙyalli irin na wuyan tantabara.
Ban taɓa tambayar inda ƙyallin ke kwana ba.
Ni dai na san dantsena, na san shuni.

Ran Talata jikata ta yi sallama:
"Kaka, ɗauko ƙyalle biyu, bugagge da ɗanye,
zo ka ga abin da ke hana ni barci."
Muka ratsa Kwangila, hayaƙi da masu rake,
hantsi ya dubi ludayi muna Samaru.
Ɗaki ba taga, ko'ina baƙin labule.
Na ce, wa ke neman haske a duhu, Uwani?

Ta ce, "Mai son jin raɗa ai kasuwa yake bari."
Ta miƙo 'yar kwalba, ruwa ja wur.
Na ce, zoɓo ba ƙanƙara?
Ta ce, "Zinariya ce."
Na ce, 'yar nan, na riga ki sanin zinariya,
a kunnen kakarki na fara gani.

"Ita ce dai, ƙanƙanta ta aka yi.
Tsinko gashin gemunka guda,
tsaga shi gida dubu, ka kuma raba tsagin:
a nan zinariya ke tuɓe rawayarta.
In haske ya zo, sai ta haɗiye koren cikinsa,
ta sallami ja ya wuce.
Girma kaɗai aka rage, sai ga wani launi."

Na yi shiru.
Na san mutanen da duniya ta niƙa haka,
suka sauya kama, amma asalin na nan a jini.

Ta nuna mini gilashi kamar farcen jariri.
Wai a kansa akwai turaku jere,
ido bai iske su ba, ƙura ma ta fi su ƙiba,
su ke kora haske kamar makiyayi da sanda:
bi nan, karkata can, taru a tsini.

Tana kunna zaren haske kore shar
sai wuta ta ɗauke.
Muka zauna, masu binciken haske,
ba mai ganin hancin wani.
Wani yaro, Tanimu, ya fita da jarka neman mai.
Ta ce, "Rabin digirina jira ne, Kaka."
Na ce, rabin rini ma haka, tun ba wannan zamani.

Da injin ya yi tari ya tashi
ta sa ƙyallena a cikin na'ura.
Ɗanyen ya fito a allo kamar duwatsun Kufena,
tudu, kwari, kwazazzabo.
Bugaggen kuwa daɓe ne, sumul,
shuni ya kwanta bisa shuni.

"Ban tabbatar ba tukuna," in ji ta,
"amma ina zaton kai ma hanya kake share wa haske.
Yaya kake gane ya isa?"
Na ce, da kunne.
Da fari zani na cewa dum, dum, kamar mai mura.
In ya ce tas, ka ɗaga hannu,
ƙari ɗaya ya zama rauni.
Ta rubuta. Ta ja layi biyu a ƙasa.
Ta ce wannan ba ya cikin ma'auni.

Da la'asar muna kan gada
rana ta farfashe a ruwan Kubanni.
Yaran unguwarmu duk sun koma acaɓa,
ba wanda ya ce in koya masa.
Ita ce za ta zo ran Asabar da abin ɗaukar murya.
Na shafa wa tsohon mabugin babana mai,
na jingine shi kusa da nawa.
Da nauyi, amma ta ce in bar ta ta ɗaga da kanta,
wai ba ta son bayani.